Tallafin inshorar lafiya a Amurka: Yadda ake auna wanda ya cancanta, da waɗanda ma'aunin ya bari a waje

Kwana 43 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi a rufe, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wannan lokacin. Dubban ɗaruruwan ma'aikata sun zauna babu albashi, an rage tashin jirage a manyan filayen jirgin sama, tallafin abincin da miliyoyin marasa ƙarfi suka dogara da shi ya gamu da tsaiko. Tushen rikicin shi ne tallafin da gwamnati ke bai wa mutane don su iya sayen inshorar lafiya. 'Yan jam'iyyar Dimokurat a Majalisar Dattawa sun ƙi amincewa da kuɗin tafiyar da gwamnati sai an tsawaita wani ƙari da aka yi wa tallafin a 2021, 'yan Rifablikan kuwa suka ce sai an buɗe gwamnati tukuna a yi wannan magana. Daga ƙarshe sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka sauko, bisa alkawarin za a kaɗa ƙuri'a kan batun. An kaɗa ta a watan Disamba, ba a samu ƙuri'a 60 da ake buƙata ba, wa'adin ƙarin ya cika a daren 31 ga watan.

Asalin tallafin yana nan bai gushe ba. Abin da ya sauya shi ne wa zai samu, kuma nawa zai samu. Amsar duka biyun ta rataya ne a kan lamba guda: abin da gida ke samu a shekara idan aka gwada shi da layin talaucin da gwamnati ta shata.

Su wa tallafin ya shafa

Amurka ba ta da tsarin lafiya na bai-ɗaya irin na Birtaniya, inda mutum ke zuwa asibitin gwamnati a duba shi ba tare da ya ciro kuɗi ba. Kusan rabin jama'ar ƙasar ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin Medicare, marasa ƙarfi kuma shirin Medicaid, dukansu biyu tun 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Akwai miliyoyin da ba su faɗa ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunai ba: direban tasi, mai aski, manomi, mai ƙaramin shago, da wanda ya bar aiki yana ɗan shekara 58, saura shekara bakwai ya kai ga Medicare. A da, kamfanin inshora yana da ikon ƙin karɓar irin wannan mutum don yana da ciwon suga, ko ya tsauwala masa farashi.

Dokar da Barack Obama ya sanya wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ita ta haramta wannan. Ta kuma kafa kasuwar inshora a intanet, wadda ta fara aiki gadan-gadan a 2014. Wasu jihohin suna da tasu, sauran suna amfani da ta tarayya a shafin HealthCare.gov. A wannan kasuwa kaɗai ake samun tallafin. Wanda ya sayi inshorarsa a wajenta, ko da talaucinsa ya kai inda ya kai, ba ya samun ko kwabo.

Layin talauci da abin da ake kira kuɗin shiga

Kowace shekara ma'aikatar lafiya ta tarayya tana fitar da adadin da ake ɗauka a matsayin layin talauci. Na 2025, wanda da shi ake lissafin inshorar 2026, shi ne dala 15,650 ga mutum guda, sannan a ƙara dala 5,500 kan kowane ƙarin mutum a gidan, wato dala 32,150 ga iyali mai mutum huɗu. Jihohin Alaska da Hawaii ne kaɗai ke da nasu adadin da ya ɗara wannan. Wanda ke biyan haya a tsakiyar birnin New York da wanda ke zaune a ƙauyen Mississippi, ma'auni ɗaya ake yi musu.

Asalin wannan lamba ma abin dubawa ne. Wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Mollie Orshansky ce ta ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1960: ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha da zai riƙe iyali, ta ninka shi sau uku, saboda a lokacin abinci na cin kusan sulusin abin da gida ke kashewa. Tun daga nan hauhawar farashi kawai ake ɗora wa lambar. Yau haya da magani ne ke cinye aljihun Ba'amurke fiye da abinci, amma ma'aunin da aka gina kan kwanon abinci shi ke yanke hukunci kan maganin.

Ƙa'idar asali ta ce wanda kuɗin shigarsa ya kama daga daidai layin zuwa ninkinsa huɗu shi ya cancanci tallafi. Ga mutum guda, daga dala 15,650 zuwa 62,600 ke nan. Ga iyali mai mutum huɗu, iyakar sama ita ce dala 128,600.

Kuɗin shigar da ake nufi shi ne wanda ke bayyana a takardar haraji bayan an cire wasu abubuwan da doka ta yarda a cire, sannan a maido da wasu 'yan abubuwan da ba a biya wa haraji, kamar wani ɓangare na fanshon gwamnati da kuɗin da aka samo a ƙasar waje. Mai sana'ar kansa ribarsa ake dubawa, bayan ya fitar da abin da ya kashe a kan sana'ar. Gida kuma shi ne duk wanda ke kan takardar harajin: mai gida, abokin zamansa na aure, da waɗanda ya rubuta cewa shi ke ɗauke da nauyinsu. Dukiya ba ta shiga lissafi. Mutum na iya mallakar gidaje da maƙudan kuɗi a banki, muddin abin da ya shigo masa a shekarar bai haura iyaka ba, ya cancanta.

Yadda ake lissafin

Tsare-tsaren inshorar da ke kasuwar hawa huɗu ne, an sa musu sunayen ma'adinai: tagulla, azurfa, zinare da filatinum. Na tagulla zubinsa na wata ya fi sauƙi, amma yana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na kuɗin jinya, na azurfa 70, na zinare 80, na filatinum 90. Gwamnati tana duba tsare-tsaren azurfa da ake sayarwa a yankin da mutum yake, ta ɗauki na biyu a arha ta mayar da shi mizani. Sai ta ƙayyade kason da mutum zai biya daga aljihunsa gwargwadon samunsa. A 2026 kason ya fara daga kashi 2.1 cikin ɗari ga na ƙasa, ya hau har kashi 9.96 ga na sama. Abin da ya rage tsakanin wannan kaso da farashin mizanin shi ne tallafin, kuma yawanci kai-tsaye ake tura shi ga kamfanin inshora duk wata.

A ɗauki misalin mace guda a jihar Florida da ke samun dala 20,000 a shekara. Kasonta dala 420 ne a shekara, wato dala 35 a wata, ko nawa ne farashin mizanin a yankinta. Idan ta zaɓi tsarin da ya fi mizanin tsada, ita za ta cika. Akwai kuma rangwame na biyu ga wanda samunsa bai wuce ninki biyu da rabi na layin ba, wanda ke rage abin da zai biya a asibiti ranar da ya je, amma sai ya zaɓi tsarin azurfa. Ga mace irin wannan, rangwamen yana ɗaga azurfarta zuwa kashi 94, sama da filatinum. Wanda arhar zubin tagulla ta ruɗe shi ya yi asarar wannan garaɓasa ba tare da ya sani ba.

Ramin ƙasa da gangaren sama

A nan gizo ke saƙar. Waɗanda suka rubuta dokar sun fara tallafin daga layin talauci ne saboda sun tanadi cewa duk wanda ke ƙasa da kashi 138 cikin ɗari na layin, wato kimanin dala 21,600 ga mutum guda, Medicaid zai ɗauke shi a kowace jiha. A watan Yunin 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba. Jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa, goma sun ƙi, ciki har da Texas, Florida da Georgia.

Sakamakon ya zama abin da ko mai adawa da dokar ba zai kira shi hankali ba. A Florida, matar da ke samun dala 20,000 tana da inshora kan dala 35 a wata. Maƙwabciyarta mai samun dala 14,000, ba ta da ƙananan yara kuma ba ta da naƙasa, ba ta da komai: Medicaid na jihar bai san da irinta ba, kasuwar kuma ta ce samunta bai kai ba. Talaucinta ne ya hana ta tallafin talakawa. Da a Kalifoniya suke, su biyun Medicaid zai ɗauke su. Cibiyar binciken lafiya ta KFF ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.4 ne ke cikin wannan rami, mafi yawansu a jihohin kudu.

A can sama kuma gangare ne mai tsayi. Tallafin ba ya raguwa a hankali har ya ƙare. Yana kaiwa ninki huɗu sai ya yanke. Doka ta yarda kamfani ya caji dattijo har ninki uku na abin da yake cajin matashi, don haka 'yan shekara 55 zuwa 64 ne suka fi jin jiki. A ƙaddara mutum ɗan shekara 60 ne, mizanin yankinsa dala 1,000 a wata, wato 12,000 a shekara. Idan ya samu dala 62,000, kasonsa dala 6,175 ne, gwamnati ta biya 5,825. Idan ya samu 63,000, shi zai biya 12,000 ɗin cif. Ƙarin dala dubu ɗaya ya jawo masa asarar kusan dubu shida. Shi ya sa ake samun mai sana'a yana ƙin karɓar aiki a ƙarshen shekara, ko yana zuba kuɗi a asusun fansho don lambarsa ta sauko. Ƙarin da aka yi a 2021 ya share wannan gangare na tsawon shekara biyar, ya dawo ranar 1 ga Janairun 2026.

Ƙofofin da ba na kuɗi ba

Samun da ya dace bai wadatar ba. Wanda wurin aikinsa ya yi masa tayin inshora mai inganci da zubinta bai wuce kashi 9.96 cikin ɗari na kuɗin shigar gidansa ba, ba shi da tallafi ko da ya ƙi karɓar tayin. Wanda ya cancanci Medicaid ko Medicare shi ma haka. Ma'aurata sai sun cike takardar haraji tare, in ban da wadda ta gudo daga cin zarafi ko wadda aka tafi aka bari.

Ƙofar da ta fi shafar 'yan Afirka mazauna can ita ce ta takardun zama. Wanda ba shi da izinin zama ba zai sayi inshora a kasuwar ba, ko da da kuɗinsa ne. Wanda ya samu katin zama na dindindin kuwa, wata doka ta 1996 ta sa sai ya jira shekara biyar kafin ya shiga Medicaid. Obamacare ta toshe wannan giɓi, ta ba irinsa tallafi ko da samunsa bai kai layin talauci ba. Babbar dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta soke wannan daga 2026. Ɗan Najeriya ko Nijar da bai daɗe da samun katin ba, yana aikin da bai kai dala 15,650 a shekara ba, ya faɗa ramin nan, sai fa idan jiharsa tana da wani shiri nata. Daga 2027 dokar za ta ƙara matsewa: masu katin dindindin, da wasu 'yan Kuba da Haiti, da 'yan wasu tsibirai uku na tekun Fasifik ne kaɗai baƙin da za su cancanta. 'Yan gudun hijira, waɗanda aka bai wa mafaka, da masu bizar karatu ko ta aiki duk za su fita, duk da cewa zamansu halastacce ne.

Hasashe yau, hisabi baɗi

Lambar da mutum ke rubutawa lokacin rajista hasashe ce. A watan Nuwamba ake tambayarsa nawa zai samu a shekarar da ba ta kama ba. Ga mai albashi wannan ba wuya. Ga direban da ke aiki da manhajar waya, ko manomin da bai san yadda farashin masara zai kasance ba, kusan canki-canka ne. Bayan shekara ta ƙare, hukumar haraji ta IRS tana gwada abin da ya faɗa da abin da ya samu. Idan an ba shi ƙasa da haƙƙinsa, a cika masa. Idan an ba shi fiye, ya mayar.

A da akwai iyaka ga abin da mai ƙaramin ƙarfi zai mayar, muddin bai haura ninki huɗu ba. Dokar Yulin 2025 ta cire iyakar daga shekarar haraji ta 2026. Dattijon misalin nan da ya yi hasashen dala 62,000 sai wani ciniki ya faɗo masa a Disamba, zai tarar da bashin dala 5,825 yana jiransa.

Duk wannan lissafi yana yiwuwa ne saboda gwamnatin Amurka tana da takardar da ke nuna abin da kusan kowane gida ya samu. Najeriya ta ɗauki irin wannan alkawari ba tare da irin wannan takarda ba. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni, wanda ya ce zai ɗauki nauyin talakawa miliyan 83. Adadin ya yi daidai da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019, wanda ya gano mutum miliyan 82.9 a ƙasa da layin naira 137,430 a shekara, ban da jihar Borno da ba a saka a lissafin ba. Albashi mafi ƙanƙanta na wata biyu a yau, naira 140,000, ya haura wannan layi. Kuma binciken ƙiyasi ne daga samfurin gidaje, ba ya ɗauke da sunayen mutum miliyan 83.

Dokar ta lissafa masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa, da matalauta bisa ma'anar da za a riƙa fayyacewa lokaci zuwa lokaci. Huɗun farko ido na iya ganinsu. Na biyar kuwa, a ƙasar da mafi yawan masu aiki ba su da takardar albashi, ya koma hannun rajistar talakawa ta ƙasa, inda mutanen gari ke nuna gidajen da suka fi shan wahala, sannan jami'ai su auna su da alamu irin su ginin gida da abin da aka mallaka. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta nuna shakku kan sahihancin rajistar, ta nemi jihohi su haɗa nasu. Ba'amurke na iya zama da biro ya gano dalar da ta fitar da shi daga tallafi. A Kano ko Kaduna, inda hukumomin taimakekeniyar lafiya na jiha ke yin rajista, tambayar ita ce a wane jerin sunaye mutum yake, kuma wa ya rubuta jerin.

Abin da aka yi faɗa a kansa

Ƙarin da ya rufe gwamnatin Amurka ya zo ne cikin dokar farfaɗowa daga annobar korona da Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Maris 2021, aka tsawaita shi a 2022 zuwa ƙarshen 2025. Ya mayar da kason wanda bai wuce ninki ɗaya da rabi na layin ba zuwa sifili, ya kuma ce babu wanda zai biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na samunsa kan mizanin, ko nawa yake samu. Masu rajista suka tashi daga kimanin miliyan 12 a 2021 zuwa sama da miliyan 24 a 2025. Jihohin da adadin ya fi hauhawa sun haɗa da Texas, Florida da Georgia, waɗanda duk Trump ya lashe a zaɓen 2024.

Hujjar 'yan Rifablikan ba ta rasa tushe ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa mayar da ƙarin na dindindin zai ci kimanin dala biliyan 350 cikin shekara goma. Inshorar da ba a biya mata ko sisi ta buɗe ƙofar zamba, domin an samu dillalan da suka yi wa mutane rajista ba da saninsu ba don su karɓi la'ada, har hukuma ta dakatar da ɗaruruwansu a 2024. Sun kuma ce mutane da yawa a jihohin kudu suna kumbura samunsu don su kai layin. Wannan zargi yana da ƙanshin gaskiya, sai dai masu yin sa ba su cika ambaton cewa shugabannin jihohin ne suka bar ramin da ya sa talaka ke ƙarya cewa ya fi yadda yake ba. Kuma tallafin, komai yawansa, bai taɓa rage tsadar asibiti da magani ba. Ya sauya mai biya ne kawai.

A ɗaya ɓangaren, KFF ta ƙiyasta cewa abin da masu tallafi ke biya daga aljihunsu zai ninka fiye da sau biyu, daga matsakaicin dala 888 zuwa 1,904 a shekara. Ofishin kasafin kuɗin ya ce kusan mutum miliyan huɗu ne za su rasa inshora nan da shekara goma. Tun 2019 babu tarar tarayya a kan wanda ya zauna ba inshora, don haka masu ƙoshin lafiya ne ake sa ran za su fara ficewa, su bar marasa lafiya a kasuwar, kamfanoni kuma su ƙara farashi a kan waɗanda suka rage.

Rajistar inshorar 2027 za ta buɗe ranar 1 ga Nuwamban 2026, ranar da miliyoyin mutane za su ga sabon farashinsu. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga Nuwamba, za a yi zaɓen tsakiyar wa'adi, inda za a sake zaɓen dukan kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kimanin sulusin na Majalisar Dattawa. Bashin waɗanda hasashensu ya kuskure kuwa ba zai bayyana ba sai lokacin cike takardun haraji, wanda wa'adinsa ke cika ranar 15 ga Afrilun 2027, wata biyar bayan an gama ƙidaya ƙuri'u.